Ranar da aka kira ni mushe a ƙofar gidanmu

Ban zaɓi Faransanci ba. Lokacin da na nemi shiga kwalejin horar da malamai a Sakkwato, Larabci na cike a takarda, domin shi na tashi ina ji a zauren gidanmu a Shagari, inda mahaifina yake karantar da magidanta da hantsi. Da sunaye suka fito sai na tarar an tura ni sashen Faransanci, wai can ne gurbi ya rage. Na koma gida na faɗa wa Baba. Ya dubi buzun da yake zaune a kai, sannan ya ce, "Harshe dai na. Tahi ka koyo." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma a shekaru ukun da na yi ina karatun bai taɓa tambayata abin da ake koya mana ba.

A shekara ta biyu aka kai mu Nijar na 'yan makonni don kunnenmu ya saba da harshen. Wata rana aka shigar da mu wani aji mu ga yadda ake darasi. Malamin ya yi tambaya, sai ɗalibai suka ɗaɗɗaga hannu suna kaɗa yatsu, kowa yana cewa, "Mushe! Mushe!" Mu 'yan Najeriya muka dubi juna, wasu suka fita waje don dariya ta ci ƙarfinsu. Daga baya aka yi mana bayani cewa monsieur ce bakin Bahaushen can ya mayar haka, kuma duk malamin makarantar boko da ita ake kiransa. Gaskiya ba daidai suke fita a baki ba, ita da mushen da muka sani, wato dabbar da ta mutu ba a yanka ba. Ta dabbar ana jan ta, ta malamin ana sauke ta da sauri. Amma kunnen da bai taɓa jin ta biyun ba, ta farkon kaɗai zai ji. Muka yi ta tsokanar juna da ita har muka dawo, daga nan na manta.

Da na gama aka tura ni wata sakandare a Bodinga. Na yi aure, na kama ɗaki biyu a can, na sayi babur. Duk ranar Asabar nakan hau shi in tafi Shagari in gai da iyayena, in dawo Lahadi da yamma.

Akwai wani mutum da yake sauka a gidanmu tun ina ƙarami. Daga ƙasar Konni ta Nijar yake zuwa, sau biyu ko uku a shekara, yana kawo kanwar shanu da gishirin lasa. Da jakuna ya fara, daga baya ya koma ɗora buhunansa a mota. A gida ba mu da wani sunan da muke kiransa sai mai kanwa. Dogo ne siriri, yana da wushirya, in dariya ta kama shi sai ya dafa kafaɗar wanda ke kusa da shi. Baba yana da 'yan shanu a bayan gida, ta nan suka saba, har ya zama ɗakin da ke jikin zaure nasa ne duk lokacin da ya zo. Akushi ɗaya suke ci da Baba, abin da ban ga Baba ya yi da kowa ba in ba ƙanensa ba. Inna kuwa in ta ji ya iso sai ta ƙara nono a fura, ta ce mutanen arewa ba su son fura mai ruwa.

Tun da na tafi karatu ba mu ƙara haɗuwa da shi ba. In ya zo ba na nan, in na zo ya wuce. Sai wata Asabar a ƙarshen rani, shekarata ta huɗu ina koyarwa. Na iso bayan la'asar na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida. Baba yana zaune, ga mai kanwa a gefensa, ga wasu dattawan unguwa, ga kuma wani tela maƙwabcinmu da ba a raba shi da barkwanci. Na kafe babur, na tuɓe takalmi, na durƙusa na gai da su.

Mai kanwa ya ƙura mini ido, ya ce, "Malam, wanga ba shi na mai ɗebo min ruwan alwala ba?"

Baba ya ce, "Shi na. Yanzu shina Boɗinga shina karantar da harshenku na can."

"Wane harshe?"

"Na Turawanku."

Mutumin nan ya miƙe tsaye, dattijo da shi, ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa. Fuskarsa duk ta washe. Ya ɗaga murya ya ce, "A'aha! Mushe! Ashe mushe munka samu cikin gida! Sannu mushe, sannu!"

Sai tela ya fashe da dariya har yana buga tabarma, ya ce, "To a jawo shi bayan gari kahin shi hwara wari." Wasu suka taya shi, wasu suka sunkuyar da kai.

Na dubi Baba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ajiye carbinsa a kan buzu, ya ce, a hankali, "Ɗana, da ranshi da lahiyatai, ka kira mushe ƙohwar gidana?"

Mai kanwa ya saki hannuna. Ya ce, "Subhanallahi, Malam. Haka muka ce ma malamin lakwal, wato makarantar boko. Girmamawa ta."

"Girmamawa."

"Wallahi girmamawa ta. Tambayi yaron."

Duk suka juyo gare ni. Na ce, "E, Baba, haka suka cewa can." Da ƙyar muryata ta fita, kuma ina maganar ina kallon ƙasa.

Baba ya ce, "Mi taka nuhi?"

Na ce, "Malam."

Ya ce, "A'a. Malam na san inda tah hito. Mu'allim ta, mai sanar da wanda bai sani ba. Ita wagga daga ina tah hito? Mi ac cikinta?"

Na ce ban sani ba. Kalmar da nake rubutawa a allo a makon farko na kowace shekara, kalmar da ɗalibaina suke gaishe ni da ita kullum safe, ban san me ke cikinta ba. Baba mutum ne da ya yi imani kowace kalma tana da uwa da uba. In yana karantar da magidanta ba ya wuce kalma sai ya tono saiwarta, ya nuna musu 'yan'uwanta. A wurinsa, kalmar da mai ita ya kasa faɗin asalinta abin tuhuma ce. Ya ɗauki buzunsa ya shige gida. An fito da tuwo kamar kullum, amma Baba bai fito ya ci tare da baƙonsa ba.

Akwai abin da na daɗe ban faɗa wa kowa ba. A lokacin da Baba ya ce "ɗana" da wannan murya, wani daɗi ya ratsa ni. Shekara bakwai ke nan, tun ranar da ya ce in tafi in koyo, ina jin kamar ya cire ni daga lissafinsa, kamar ya ɗauka na bi wata hanya da ba ruwansa da ita. Sai ga shi ya ɓata da amininsa na shekaru saboda ni, a gaban mutane. Na san sarai mai kanwa bai yi nufin zagi ba. Na ga aji guda suna faɗin kalmar da ladabi. Da na tashi na bi Baba cikin gida na ba shi labarin abin da na gani da idona, na tabbata da ya saurare ni. Ban bi shi ba. Na zauna a kan tabarma ina jin daɗin an tsaya mini.

Washegari da sassafe mai kanwa ya sa aka fitar da buhunansa bakin hanya. Ya yi sallama da Baba a tsaye, Baba ya ba shi hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Furar da Inna ta dama masa ta dawo cikin gida ba a taɓa ba. Na ji tana cewa, "Malam, mutumin ga shekara nawa shina cin tuwona, bai taɓa hwaɗa maka baƙar magana ba." Baba ya ce, "Ya hwaɗa jiya."

Mai kanwa bai sake zuwa ba. Ɗakin jikin zaure aka mayar da shi wurin ajiye harawa. Baba ya koma sayen kanwa a kasuwa, yana cewa ba ta kai waccan ba, amma bai taɓa ambaton mutumin ba. Tela kuwa ya samu abin yi. Duk Asabar in na wuce ta gaban shagonsa sai ya leƙo ya ce, "An iso, mushe?" Ya bari ne kawai bayan Inna ta aika masa cewa in bai daina ba za ta kai ɗinkin sallar gidan gaba ɗaya wani wuri.

Ni kuma na san inda mai kanwa ya koma. A Bodinga yake sauka, wurin wani mai sayar da dusa, kuma ranar kasuwa yakan baje buhunansa a gefen da ake sayar da dabbobi. Sau biyu na hango shi daga nesa. Sau biyun na juya na bi wani layi.

An yi kusan shekara ɗaya da rabi a haka. A makarantarmu akwai wata malama da ta girme mu duka, ita ce shugabar sashen harsuna. Mutuniyar Dingyaɗi ce, amma ta yi zaman aure a Nijar shekaru masu yawa, Faransancinta kuma ya fi na kowa a cikinmu nesa ba kusa ba. Ita take duba tsarin darasinmu kafin mu shiga aji. Wata rana ana hutun tsakar rana, muna zaune a ofishin malamai tana ɓare gyaɗa, hira ta kawo mu kan yadda mutanen can suke lanƙwasa kalmomin Faransanci. Sai na ba ta labarin abin da ya faru, ina yi kamar abin dariya ne.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai kuma mi kac ce ma Malam?"

Na ce, "Na ce ban sani ba."

"Har yau?"

Na ce, "Har yau, Hajiya."

Ta share hannunta, ta jawo littafin darasina, ta buɗe bayansa ta rubuta monsieur da manyan baƙaƙe. Sannan ta ja layi a tsaye bayan harafi na uku. Ta turo mini. Ta ce, "Karanta na hwarko."

Mon. Wato nawa. Kalmar da nake koyarwa a mako na uku, in ce littafina, alƙalamina, ubana. Shekara biyar da 'yan kai ina rubuta su biyun a allo ɗaya, ban taɓa ganin ɗaya tana zaune a cikin ɗaya ba. Na ji kunya ta rufe ni kamar an kama ni da satar amsa.

Ta tashi ta buɗe kabad ɗinta ta ɗauko wani tsohon ƙamus mai kauri, wanda bangonsa ya rabu aka ɗinke shi da zare. Irin wanda yake faɗin asalin kowace kalma ne kafin ya faɗi ma'anarta. Ta ce in tafi da shi gida, in dawo mata da shi yadda na karɓa.

Na yi kwana biyu a kansa. Rabin kalmar na biyu, sieur, ya samo asali ne daga Latin, harshen Rumawan da, daga wata kalma senior, wadda take nufin wanda ya girme ka, wanda ya fi ka shekaru. In aka haɗa su, abin da mutum yake cewa shi ne babbana, ko dattijona. Da can ba kowa ake ce wa haka ba, sai masu sarauta da masu ƙasa. Har an yi zamanin da in aka ce Monsieur kawai a fadar Faransa, ƙanen sarki ake nufi. A hankali ta yi ta saukowa, daga fada zuwa gidajen attajirai, daga nan zuwa kasuwa, har ta zama ta kowane namiji. Yawan faɗi kuma ya cinye ta, yadda igiyar guga take cin bakin rijiya, har su kansu Faransawan suka daina furta wasu haruffanta ko da yake suna rubuta su. A haka ta iso Nijar a bakin masu mulki, Bahaushe ya karɓa ya ƙara lanƙwasa ta. Na kuma ga wani abin da ban nema ba. Kalmar Ingilishi da ɗalibanmu suke kiran malamai maza da ita, wadda a bakinsu take fita "sa", ita ma daga wannan saiwar ta tsiro.

Ranar Asabar na isa Shagari da hantsi. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo a gefen hanya. Na tarar da Baba a bayan gida wurin turke, ya naɗe hannun riga yana dama wa shanu dusa a wani tsohon daro. Na gaishe shi, na karɓi bokitin ruwa ina zuba masa. Na ce, "Baba, tambayar da kay yi min bara, na samo amsa."

Bai tambaye ni wace tambaya ba. Ya ce, "Ina jin ka."

Na faɗa masa duka, tun daga rabuwar kalmar biyu har zuwa ƙanen sarki. Yana ji yana dama dusa. Da na gama ya ce, "Maimaita na tsakiyar." Na maimaita. Ya ce, "Wanda yag girme ka."

Na ce, "E."

Ya ce, "Ga Larabawa ma haka ta. Shaihu tsoho na, kahin shi zan malami." Ya ɗan yi tunani. "Dattijo ma ba tamu ta ba, wurin Hillani munka aro ta. Ashe kowa inda yab bi ke nan. In za a girmama mutum sai a ba shi shekaru."

Na ga ya saki fuska, sai na ƙara masa da zancen "sa". Ya dubi babban san da ke gabansa yana lasar daro, ya dube ni, sai ya yi dariya har ya dafa turke. Ya ce, "Boɗinga sa, Konni mushe. Kai dai ba ka hita cikin garke ba."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya wanke hannunsa, ya zauna a kan wani kututture. Ya ce, "Yaushe kas san wanga?"

Na ce, "Cikin makon ga."

"Kahin nan hwa? Ranar da abin yah hwaru, ka san mutumin ga ba zagi yaka yi ba?"

Na so in ce ban tabbata ba. Na ce, "Na sani, Baba."

"Kab bar ni."

"Na hwaɗa maka haka suka cewa."

Ya ce, "Da rabin baki kah hwaɗi." Bai ɗaga murya ba. Ya dubi shanun, sannan ya ce, "Na zalunci mutum cikin gidana, shina baƙona. Ina shike yanzu?"

Dole na faɗa masa cewa na san inda yake sauka, har na gan shi sau biyu na kauce. Baba ya dube ni kallo ɗaya. Na ce zan nemo lambar wayarsa a wurin mai dusa su yi magana. Ya ce a'a. "Gaban mutane nib ɓata mishi. Ba a gyara wanga ta waya. Ranar da yaz zo, ka taho ka ɗauke ni."

Mako biyar ina leƙa kasuwa. A na shida na hango buhunansa. Na nemi izini a makaranta na tafi Shagari. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani. A lokacin ya haura saba'in, bayansa kuma yana damunsa, na ce mu shiga mota, ya ce jiran mota ta cika zai sa kasuwa ta watse. Ya hau bayan babur ya riƙe kafaɗata. Rabon da hannunsa ya daɗe a jikina haka tun ina yaro. Muna tafiya a hankali, manyan motoci suna wuce mu, har muka isa Bodinga.

Mai kanwa yana zaune a kan buhu a ƙarƙashin wata rumfar kara. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Da ya gan mu ya miƙe, ya yi mana maraba kamar yadda ake yi wa kowa, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya jawo buhu ya ce Malam ya zauna. Baba bai zauna ba. Ya tattara rigarsa ya tsuguna a gabansa, a kan ƙasa, a tsakiyar kasuwa. Masu rumfunan kusa suka bar abin da suke yi.

Mai kanwa ya ce, "Haba Malam, tashi. Don Allah tashi."

Baba ya ce, "Sai na gama. Ka zo gidana ka girmama ɗana, ni ko nic ci mutuncinka gaban jama'a, nib bar ka kac ci tuwo kai ɗai. Jahilci na, ba wani abu ba. Na zo ka gahwarta min."

Mutumin ya rasa yadda zai yi, sai shi ma ya tsuguna. Suka zama dattawa biyu a tsugune, gwiwa tana kusan taɓa gwiwa, ni ina tsaye a kansu riƙe da makullin babur. Mai kanwa ya ce, "Na yahe, Malam. Duniya da lahira." Baba ya sa shi ya maimaita, sannan ya yarda aka ɗaga shi ya zauna a kan buhun.

Da hankali ya kwanta, Baba ya shiga yi masa bayanin kalmar, yadda na yi masa, har da 'yan ƙarin nasa na Larabci. Yana yi yana ƙirga matakan da yatsa, kamar yana zaure. Mai kanwa ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "Wallahi duk wanga ban san shi ba. Ni mutum guda nis sani."

Ya ba mu labari. Shekara biyu kacal ya yi a makarantar boko, a ƙauyensu. Malaminsu Bazabarme ne da aka turo daga nesa, Hausarsa ma ba ta nuna ba, yara suna yi masa dariya. A shekarar da ruwa ya ƙi, gidaje da yawa ba a ɗora tukunya, mutumin nan yakan dafa nasa hatsin a bayan aji, ya zaunar da su su ci kafin a fara karatu, shi kuma ya ce ya riga ya ci. Da mahaifin mai kanwa ya cire shi daga makaranta don ya bi jakuna, malamin ya taka har gonarsu sau uku yana roƙo a bar masa shi. Ba a bar shi ba. Mai kanwa ya ce, "Ɗan abin da niy iya na karatu, shi yak koya min. Duk garinmu in anka ce mushe, shi a'a nuhi, har yau da ya daɗe da mutuwa. Ban taɓa kiran wani da sunan ga ba bayan shi. Sai ran nan, da kac ce min ɗanka malami na."

Ni kuwa na juya ina kallon wasu awaki da ake ciniki, don kada a ga idona.

Na sha tunanin wannan zama daga baya. Baba bai samu natsuwa ba sai da aka kawo masa saiwar kalmar tun daga Rumawa. Mai kanwa bai taɓa bukatar saiwar ba, kuma da aka ba shi ita bai ga abin da ta ƙara masa ba. Ni da nake cin abinci da harshen, ba ni da ko ɗaya daga cikin biyun sai da aka tura ni. Har yanzu in ina koyar da kalmar nakan ja layin nan bayan harafi na uku, in faɗi abin da ke cikin ƙamus. Labarin Bazabarmen ne ban san yadda zan sa shi a tsarin darasi ba, sai dai wani lokaci in aji ya yi shiru in ba da shi haka nan.

Kafin mu tashi Baba ya ce masa ɗakinsa yana nan, za a kwashe harawa a share. Mai kanwa ya ce in Allah ya yarda. Amma bai sake kwana a gidanmu ba. Da Baba ya matsa masa a wani zuwan, ya ce mai dusa ya karɓe shi a lokacin da ba shi da masauki, ba zai kyautu ya bar shi don an shirya ba. Baba ya ce wannan gaskiya ne. Na ga abin ya yi masa ciwo, amma bai sake tayar da maganar ba.

Abin da yake yi shi ne, in ya sayar da kayansa sai ya shigo mota ya zo Shagari da rana. Su ci abinci tare, su yi azahar, su yi la'asar, ya koma bakin hanya ya nemi mota. Ya yi haka sau huɗu ko biyar. A zuwansa na ƙarshe idonsa ya fara samun matsala, sai da na riƙe masa hannu ya tsallaka kwalbatin ƙofar gida. Ni da shi ba mu taɓa yin maganar abin da ya faru ba. Na yi niyyar in ce masa nawa laifin ya fi na Baba, na yi ta jiran lokacin da za mu keɓe. Ranar na raka shi har bakin titi, muna tsaye mu biyu, sai ya shiga tambayata 'ya'yana nawa, wanne ya fara makaranta, mota ta zo ya shiga.

Daga nan hanyar iyaka ta yi wuya, masu kawo kaya daga can suka ragu, shi ma aka daina ganinsa. Mai dusa ya ce lambar da yake da ita ta daina shiga. Da Baba ya rasu, bayan an yi addu'ar bakwai, na shiga kasuwar Bodinga na sami wani mai kawo gishiri da ya ce ya san ƙauyensu. Na kwatanta masa mutumin, na ce ya gaya masa amininsa na Shagari ya riga mu gidan gaskiya, kuma ɗansa malamin makaranta yana gaishe shi. Ya ce zai kai saƙon in ya bi ta can. Shi ma ban sake haɗuwa da shi ba.